Bazarar da Na Yi a Bukkokin Gindin Gawo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja mini kwana har na ga wannan furfura. Tun da aka yi sadakar arba'in ta Yaya Mati nake jin ƙananan maganganu suna yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da ku 'ya'yansa. Wai ya cinye mini rabona na gonar babanmu, wai shi ya sa na ƙare rayuwata a bakin karofi, hannu shuɗi, ba ni da ko kunya ɗaya ta gero. Ban san wanda ya fara faɗa ba, ba na kuma son in sani. Na gaji da gyara zancen da baki, don kowa yakan tsinci abin da ya yi masa daɗi ya bar saura. Zan sa shi a takarda sau ɗaya, da wannan ajamin nawa mai karkata, duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Shekarar da nake nufi, Nasara bai taka ƙasar nan ba tukuna, Matameye kuma ba ta wuce 'yan unguwanni da shingen kara ba. Babanmu ya rasu da kakar da ta gabata. Dattawa suka raba mana gonarsa biyu, suka dasa gamba a tsakani: gefen gari na Yaya Mati, gefen daji nawa, inda tsohuwar rijiya take da gawo uku. Shi yana da mata, tana da ciki. Ni saurayi ne, ban ajiye kowa ba, babu kuma wadda ke jiran in ajiye ta. Fuskar nan da kuka saba da ita har kuka daina lura, a lokacin ita ake fara gani kafin a gan ni. Agana ta kama ni ina ɗan shekara bakwai, ni da ƙanwata Rabi. Ita ta tafi, ni aka bar ni da zanzana tun daga goshi har wuya. Illo mai zanzana ake ce mini, ba a ma jira in ba da baya.

Da bazara ta kama, zafi ya kai inda kaza ke buɗe baki a inuwa, sai cutar ta dawo. Mutane ba sa kiran sunanta, sai su ce 'yan rani sun shigo, kamar masu zancen baƙi. Ta fara ne a gidan da wani falke ya sauka, kafin mako biyu ta shiga gida huɗu, yawanci yara. Mai gari ya tara maza a ƙofar gidansa. Abin da aka tsayar shi ne a fitar da yaran da suka kamu bayan gari, domin babba ana iya rufe shi a ɗaki a tura masa abinci, amma yaro ba ya rufuwa shi kaɗai, iyayensu mata kuma da yawa ba su taɓa yin cutar ba, ga goyo a baya. Aka nemi wuri mai inuwa da ruwa, nesa da hanya. Wani ya ambaci gawona, na ce ba komai. Sannan aka zo kan wanda zai zauna da su. Dole sai wanda ya taɓa yi, tunda ba ta kama mutum sau biyu. Iya Delu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda cutar ta cinye wa ido ɗaya tun tana budurwa, ta aiko cewa za ta je, amma ƙarfinta ba zai iya jan guga ba, balle haƙa. Kowa ya gane haƙan da take nufi. Akwai masu zanzana biyu a wurin ban da ni, duk magidanta, duk suka dubi ƙasa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi ne ya ɗaga ni ba. Abin da na ji a raina shi ne, yau ga rana ɗaya da fuskata ta fi ta kowa amfani a wurin nan, na so kuma a gani. Na miƙe na ce zan je. Aka yi ta sa mini albarka, har waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwata da kyau ba.

A gida Inna tana tankaɗe lokacin da na faɗa mata. Ba ta ɗago ba.

"Biyu ta karɓa a hannuna, ta mayar mini da ɗaya a fashe. Yanzu kai ne za ka kai mata kanka har gida?"

Na ce mata ai ba ta kama mutum sau biyu. Ta ce ta sani, ba jikina take ji wa ba. Yaya Mati yana gyara ƙotar sungumi a bakin rumbu, bai tsawata mini ba, bai kuma yaba ba.

"Ruwa ya kusa, Illo. Hannuna biyu ne, ka sani."

Na ce kafin hadari ya haɗu na dawo. Duk garin wata ɗaya muka ɗauka za a yi.

Maza suka kafa bukkoki biyar na zana da kara a gindin gawo, suka gudu kafin a kawo yaro na fari. Tsakanin gari da bukkokin akwai wata kuka, ita ta zama iyaka. Nan uwa ke ajiye ɗanta ta ja da baya, ni kuma in zo in goya shi. Nan ake ajiye mana kunu da tuwo da rubutun da liman ke aikowa a gora. Mun fara da yara bakwai, muka kai goma sha shida a tsakiyar abin, wasu na warkewa wasu na zuwa.

Idan na ce muku aiki ne, ba za ku gane ba, don kun san aikin da ke da ƙarshe. Wannan ba shi da shi. Da asuba in ja ruwa in cika randa uku, rijiyar gaba goma sha biyu ce, igiyar kaba ta cinye mini tafin hannu har ya daina ciwo. In kwaso rairayi mai laushi in shimfiɗa, don wanda ƙuraje suka yi wa ruwa ba ya iya kwanciya a tabarma, sai ta manne masa. In kwashe na jiya in kai nesa. In ɗaure hannuwa da tsumma don kada su sosa, su kwance da haƙori, in sake ɗaurewa. Iya Delu tana shafa man shanu, tana ɗiga ruwa a bakunan da suka ƙi buɗewa, tana zagina idan na yi nawa. Ƙuda kuwa sai ka ce an yi shelar biki. Da rana tsaka zan zauna a tsakiyar bukka da mahucin kaba a kowane hannu, ina kaɗawa har barci ya sace ni a zaune, in farka hannuna yana ci gaba da kaɗawa. Warin wurin ba zan kwatanta shi ba. Ya shiga gashina, ya shiga tuwon da nake ci.

Amma abin da ya fi jan ruwa nauyi shi ne hantsi. Da hantsi iyaye mata ke taruwa a bayan kuka, ni kuma in tsaya daga nesa in ɗaga murya in kira sunan yaran ɗaya ɗaya, in ce wane ya kwana, wance ta sha kunu, wane ƙurajensa sun fara bushewa. Kowace tana tsaye da hannu a ƙirji har sai ta ji sunan nata. Tun ina ganin girma a cikin abin, har na koma ina tsoron hantsin tun kafin rana ta ɗaga.

A cikin yaran akwai Gambo, ɗan wani mahauci, mai kamar shekara tara. Ranar da na goyo shi ya cije ni a kafaɗa har jini. Sau biyu yana gudu da zazzaɓi a jikinsa, sau biyu ina tsinto shi a kwance kafin ya kai kuka. Ba ya yarda ya dube ni. Idan na kawo masa kunu sai ya juya wa zana fuska, sai Iya Delu ta karɓa ta ba shi. Na ɗauka ƙiyayya ce kawai ta yaro. Sai da ɓawon ƙurajensa ya fara zuba, wata rana na same shi ya sunkuya a kan ƙwaryar ruwa yana kallon kansa. Ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dube ni, karo na fari.

"Haka tawa za ta zama? Kamar taka?"

Na so in ce a'a. Iya Delu tana bakin bukka, ta kafe ni da idonta ɗaya.

"Haka za ta zama," na ce. "Wataƙila taka ta fi tawa sauƙi, don kai an ɗaure maka hannu. Ni ba wanda ya ɗaure mini."

Can sai ya miƙo hannu ya shafa kumatuna da yatsu, a hankali, kamar mai duba ƙwarya kafin ya saya. Ya tambaye ni ko yana ciwo, na ce a'a. Ya tambaye ni ko ana yi mini dariya, na ce ana yi. Ya yi tunani, ya ce to idan mun koma gari mu riƙa tafiya tare, sai a rasa wanda za a fara yi wa. Dariyar da na yi ran nan ita ce ta fari da aka ji a gindin gawon, har Iya Delu ta ce mu rufa mata baki, akwai masu barci, alhali ita ma tana goge ido da gefen zane.

Daga ranar fuskata ta zama tasu. Duk wanda ya fara samun sauƙi sai ya zo ya ƙirga ramukanta, ba kuma a taɓa samun biyu da lissafinsu ya zo ɗaya ba, sai gardama ta kaure a ce in zauna a sake. Suka fara ce mini Kawu. Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, masu iya tashi sukan bi ni rijiya su kwaso laka, mu gina shanu da raƙuma. Gambo ne ya fara tsattsaga wa sansa fuska da tsinke, ya ce ai shi ma ya yi 'yan rani. Kafin kwana uku duk garken ya zama mai zanzana, wanda ba shi da ita ma ba ya ciniki a kasuwar da suka kafa a saiwar gawo. Na koya musu dara a ƙasa, suka koya mini cuta a cikinta. Suna faɗa kan wanda zai zauna kusa da ni wajen cin tuwo. Ni da na girma ina zama a ƙarshen tabarma, ban san yadda ake karɓar wannan ba. Wata rana ina jan guga na lura cewa na yi sati uku ba wanda ya kawar da kai daga kallona. Ban taɓa gajiya kamar lokacin ba, ban kuma taɓa zama inda ake so na kamar nan ba, har yau na kasa raba su biyun a raina.

Sai Kande. Ba ta wuce shekara shida ba, 'yar wata mata ce mai suna Uwani, ubanta ya bi fatake bai dawo ba. Ita cutar ido ta nufa. Fatar idon ta kumbura ta rufe kwana tara, Iya Delu tana wankewa tana addu'a, da ya buɗe sai muka ga ya yi fari. Yarinyar ba ta yi kukan da muka zata ba. Ta tambaya ko dare ne, aka ce mata a'a, kashegari ta kama gefen rigata ba ta kuma sake shi ba. Inda na sa ƙafa nan take sawa. Ba ta shan kunu sai ni na riƙe ludayi. Bakinta kuwa ba ya hutawa: me ya sa rijiya ke amsa magana, wa ya haifi Iya Delu, in gawo na da 'ya'ya ina matarsa. Wani lokaci gajiya kan sa in daka mata tsawa, ta yi shiru kamar na numfashi uku, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Uwarta tana zuwa kuka sau biyu a yini, muryarta ta fi ta kowa kaifi, tana kiran Kande, Kande tana amsawa daga bakin bukka.

Uku muka rasa. Biyu ƙanana ne da aka ɓoye a gida har abin ya ci ƙarfinsu, ba su kwana uku a hannunmu ba. Na ukun Ɗanladi ne, ɗan shekara huɗu, wanda na riga na faɗa wa uwarsa cewa ya fara cin tuwo. Da asuba na je tayar da shi na tarar ya yi sanyi, da ɗan raƙumin laka a hannunsa. Da hantsi na tsaya na kira sunan kowa, na tsallake nasa. Uwar ba ta tambaye ni ba. Ta sauke ƙwaryar da ke kanta ta ajiye a hankali, ta zauna a ƙasa. Aka aiko da farin ƙyalle, na wanke shi, liman ya tsaya can bayan kuka da mutum biyar ya yi masa salla daga nesa. Ni na haƙa kabarinsa da dagi, a kusurwar gonata ta gabas, kusa da na biyun farko. Matar nan har ta bar duniya ba ta ƙara gaishe ni ba. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ni na ce mata ya fara cin tuwo.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Gawo ya fara zubar da ganye, kamar yadda yake yi idan damina ta matso, inuwarmu tana raguwa hadari yana ƙaruwa. Yawancin yaran sun warke an aske su an mai da su gida, har da Gambo, wanda ya yi ta waiwaye har ya kai kuka. Saura shida, biyu a ciki sababbin kawowa ne, zazzaɓi bai sake su ba. Iya Delu kuma ta faɗi. Ba cutar ba ce, jiki ne kawai ya ce ya isa, ta kwanta bayanta ya ƙi miƙewa, sai daga kwance take ba ni umarni. A haka ruwan fari ya sauka, wata la'asar, mai yawa. Bukkoki suka yi yoyo, na yi ta jan yara daga wannan gefe zuwa wancan. Da gari ya waye ƙanshin ƙasa ya rufe warin wurin, na hango duk Matameye ta fito da sungumi.

Yaya Mati ya zo kuka da sungumi da ƙwaryar iri, ya ajiye ya ja da baya.

"A kan gonarka kake tsaye, Illo. Ko kaɗan kaɗan ne ka yi. Lema ba ta jiran mutum."

Na gwada, Allah ya sani. Shuka aikin mutum biyu ne, mai sara da mai binnewa, ni kuwa ba ni da kowa sai Kande. Ta ce za ta iya. Tana riƙe da rigata da hannu ɗaya, tana zuba iri da ɗayan, rabi a rami rabi a waje, tana tambayata ko ta yi daidai, ina cewa ta yi. Ba ma kaiwa ƙarshen layi sai a kira ni daga bukka, wani ya yi amai, wani ya kwance hannu. Cikin kwana uku layi bakwai muka yi, ƙasa ta bushe. Na jingine sungumin a jikin gawo, na ce a raina bana ta wuce.

To ku saurara da kyau, ku masu cewa an ci gona. Ranar da ruwa na biyu ya sauka, da safe na fito na hangi mutum a cikin rabona, ya tsallako gamba, ya naɗe hanci da baki da rawani, yana sara yana komowa yana binnewa shi kaɗai. Yaya Mati ne. Bai taɓa yin cutar ba, matarsa kuma ta shiga watanta. Na yi masa ihu ya koma, na rantse masa, har na jefe shi da hoge. Bai ko ɗago ba. Ya shuke gonar har inda jifa ke kaiwa daga bukkoki, yini biyu yana yi. Daga baya Inna ta faɗa mini cewa kwana goma sha biyar ya yi a zaure bai shiga cikin gida ba, ana miƙo masa tuwo, har aka haifi ɗansa na fari bai ɗauke shi ba sai bayan suna. Shi ya yi mata noman fari, shi ya yi maimai. Da kaka ya ɗaure dammunana dabam ya zuba a rumbu dabam, ya ce ga naka.

Da damina ta zagayo na ɗauki hauya na shiga gonata kamar kowa. Na yi rabin yini lafiya. Da na matso wajen gawo sai hauyar ta fara tono guntayen shanun laka, wasu wutar bukkoki ta gasa su sun yi ja, da ramukan tsinke a fuskarsu. Na ɗaga kai, ga kusurwar gabas. Hannuna ya mutu. Ba tsoro ba ne, ba kuma aljanu ba, kamar yadda wasu suka yi ta faɗa. Wata gajiya ce ta taso mini daga ƙafa, irin wadda barci ba ya maganinta. Na zauna a kunya har azahar na koma gida. Na sake gwadawa kashegari, na sake a shekara ta biyu, duk ɗaya. Sai na kira dattawa biyu, a gaban Inna, na ce na bar wa Yaya Mati rabona. Ya ce ba ya karɓa. Na ce to sai ta zama daji. Na ɗaure 'yan kayana na tafi Damagaram na shiga koyon rini. Sau biyu yana zuwa da ƙafa ya ce in dawo gonata tana jirana, sau biyu ina raka shi bakin ganuwa ya koma shi kaɗai. Da ya ga ba zan dawo ba ya ci gaba da nomanta, ban da kusurwar nan, wadda ya kewaye da ƙaya yake sabuntawa duk shekara. Ita ce kuke kira kufai, kuke cewa asarar ƙasa ce. Geron da jaki ke kawo mana duk kaka kuna yara, wanda kuke ci ba ku tambayi daga ina ba, daga nan yake fitowa. Gonar ta 'ya'yan Mati ce, da bakina na bayar, da hankalina. Abu ɗaya nake roƙo, kada hauya ta shiga kusurwar. Zancen gona ya ƙare a nan.

Saura abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwarku, ku 'ya'yana. Wajen saukar ruwa na biyun nan muryar Uwani ta ɓace daga kuka. Kwana biyu Kande tana kasa kunne ba ta ji an kira ta ba. A rana ta uku wata maƙwabciyarsu ta yafito ni na matsa kusa fiye da yadda aka yarda, ta faɗa mini cewa cutar ta kama Uwani, an rufe ta a ɗaki, ta cika jiya. Ta ce matan unguwa sun shirya za su riƙa dama kunu bi da bi, suna kawowa a ƙwaryar marigayiyar. Na dawo, Kande ta kama rigata ta tambaye ni ina Innarta. Na ce mata muryarta ce ta dishe saboda yawan kira, amma tana can tsaye, tana ɗaga mata hannu, ta ce a gaishe ta. Haka na faɗa kashegari, haka na faɗa jibi. Har ƙari nake yi, in ce yau ta ɗaura sabon zane, yau ta ce ki ci da yawa. Iya Delu daga kwance takan ce, ɗan nan, ka faɗa mata, ƙarya ba ta goyon yaro. In ce gobe. Ba don Kande kaɗai nake jinkiri ba. Na riga na kai wa uwa uku labarin 'ya'yansu, ba ni da sauran ƙarfin da zan kai wa ɗiya labarin uwarta. Kwana ashirin muka yi a haka.

Ran da biyun ƙarshe suka warke, aka ce a tashi wurin. Na yi wa yaran wanka, na aske su, aka aiko da tufafi daga gida na tara tsofaffin don ƙonawa. 'Ya'yan Iya Delu suka zo kuka da gadon kara na ɗaukar marar lafiya, na goya ta na kai musu, ba ta fi damin gero nauyi ba. Ɗaya bayan ɗaya na miƙa yaran, har saura Kande. Ƙanwar ubanta ce ta zo daga Yauri, wani ƙauye a yankinmu, da jaki, tana jira. Na goya yarinyar muka kama hanya, tana ta zuba, tana cewa jakin da take ji yana kuka na wane ne. Da muka kai rabi na sauke ta a kan wata kunya, gero ya kai mini gwiwa a lokacin, na tsuguna a gabanta.

"Kande, ba Innarki ce ke jiranki a kuka ba. Goggonki ce ta Yauri."

Tana wasa da ganyen gero da yatsunta, fararen idanun suna kallon bayan kafaɗata.

"Na sani, Kawu. Inna tana sa tsamiya da yawa. Tun ran da kunun ya daina tsami na sani."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, me ya sa ta bar ni ina ta kawo mata gaisuwa kullum.

"Na ji ka gaji ne," ta ce. "Kuma in kana faɗin gaisuwar muryarka tana yin daɗi."

Sai a lokacin ta yi kuka, ba da ƙarfi ba, ta kifa kai a gwiwata. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Goggon ta yi ta kira daga kuka, ban amsa ba sai da yarinyar ta ɗago da kanta ta ce mu tafi, kada a yi mata faɗa ranar fari. Na ɗora ta a kan jakin, na ɓamɓare yatsunta daga rigata ɗaya ɗaya na ɗora su a kan igiya. Na faɗa wa goggon cewa ba ta son a ja ta da hannu, a bar ta ta riƙe gefen zane. Matar ta ce ta ji, ba tare da ta dube ni ba, ta kora jakin. Ban ƙara ganin Kande ba. Na yi ta niyyar zuwa Yauri, tafiyar da ba ta kai yini ba, shekara tana bin shekara, har na ji kunyar zuwa.

Na tsaya a kuka har suka ɓace mini, sannan na koma gindin gawo ni kaɗai, don ni aka bar wa ƙona bukkokin. Na tara tsummoki da tabarmi a ciki, na kawo garwashi daga murhun Iya Delu. Kara ya sha ruwa, ya ƙi kamawa. Na durƙusa ina hurawa, hayaƙi yana cika mini ido, in tashi in koma bukka ta gaba in sake durƙusawa. Tun azahar nake yi, sai da la'asar ta yi sakaliya wutar ta yarda ta ci.